Gasar Sensa a Kyamarorin DSLR Masu Araha

Sensa wani ɗan faifan silikon ne da ke kwance a cikin kyamarar dijital, daidai inda fim ke zama a da. Fuskarsa cike take da miliyoyin ƙananan ramukan karɓar haske da ake kira fiksel, kowanne yana mai da hasken da ya faɗo masa wutar lantarki. Fiksel ba ya gane launi, shi ya sa ake shimfiɗa masa matatar ja da kore da shuɗi, tsarin da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya yi wa rajista a 1976. Rabin ramukan kore ne, domin idon mutum ya fi kama wannan launi.

Iri biyu ne suka daɗe suna kokawa. CCD ce babba, wadda Willard Boyle da George Smith suka ƙirƙiro a Bell Labs ta Amurka a 1969, aikin da ya jawo musu lambar Nobel a 2009. A cikinta ana miƙa cajin daga fiksel zuwa fiksel, kamar masu miƙa bokiti a wurin kashe gobara, har ya isa mafita ɗaya. Hotonta tsaf yake fita, sai dai tana shan batir, ƙera ta kuma da tsada. CMOS kuwa, wadda Eric Fossum da abokan aikinsa suka inganta a wani ɗakin binciken hukumar NASA a farkon shekarun 1990, kowane fiksel nata yana da ɗan amfilifayarsa. Ba ta cin wuta sosai, tana da sauri, amma a farkonta hoton yakan fito da ɗige-ɗige kamar an watsa masa yashi.

Tsadar kyamarar DSLR, wato mai madubi a ciki wadda ake canza wa gilashi, daga girman sensa take tasowa. Daga faifan silikon guda ake yanko sensoci da yawa. In sensar babba ce kaɗan za a samu, tabo ɗaya kuma ya lalata guda sukutum. Mai girman fim, milimita 36 da 24, ta fi ƙarfin aljihun yawancin masu saye, sai kamfanoni suka koma ga APS-C, wadda girman fuskarta bai kai rabin na waccan ba.

Canon ne ya fara yin kasada da CMOS, a kyamararsa D30 ta 2000. Da yake shi ke ƙera sensarsa, a 2003 ya fito da EOS 300D mai megafiksel 6.3, da gilashinta, a kan ƙasa da dala 1,000. Nikon ya mayar da martani a 2004 da D70 mai CCD. Olympus ya bi tasa hanyar da tsarin Four Thirds, sensa mafi ƙanƙanta wadda Kodak ya fara samar masa. Sigma kuma ya ɗauki Foveon, wadda ke jera launuka uku bisa juna, amma ba ta samu kasuwa ba.

Bidiyo ne ya raba gardama. A 2008 Nikon D90 ta zama DSLR ta farko mai ɗaukar bidiyo, Canon 5D Mark II ta biyo bayanta a shekarar, dukansu da CMOS. Karanta babbar sensa sau ashirin da wani abu a daƙiƙa yana wahalar da CCD, yana sa ta zafi. Zuwa 2010 Nikon ya sa CMOS har a ƙaramar D3100. Daga nan gasar ta koma tsakanin Canon da Sony, wanda sensocinsa ke cikin Nikon D7000 da Pentax K-5.

Masu hoto na zangunan Akra, daga Nima da Maamobi zuwa Abossey Okai, sun gaji wannan gasa ta hanyar kayan hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka, kamar dai kayan gyaran motar da Abossey Okai ta yi suna da su. Aikinsu kuwa mai gwada sensa ne ƙwarai. A Idin da ake yi a Dandalin 'Yancin Kai, ga dattijo baƙi cikin farar babbar riga, rana ta take. In aka auna hasken da fuskarsa, rigar ta ƙone fari fat, aikin allurar da ke wuyanta ya ɓace. In aka auna da rigar, fuskar ta nutse cikin duhu. A nan sensocin Sony na bayan 2010 suka yi zarra, domin ana iya ɗago duhun a kwamfuta ba tare da ɗige-ɗige sun cika fuskar ba. Da dare kuma, a ƙarƙashin rumfar biki mai ƙwan lantarki biyu ko uku, faɗin fiksel ne ke aiki. Yawan megafiksel da ake rubutawa a jikin kwali ba shi ne ma'auni ba: megafiksel 12 a kan APS-C sun fi tara haske a kan ninkinsu da aka cusa a sensar ƙaramar waya.

Akwai kuma ƙurar hunturu, wadda ke shiga duk lokacin da aka canza gilashi, ta bar ɗigo a wuri ɗaya a kowane hoto. Olympus ne ya fara magance ta a 2003 da na'urar da ke karkaɗe ta, Canon ya bi sahu a 400D ta 2006.

Yanzu manyan kamfanonin sun karkata ga kyamarori marasa madubi, sababbin DSLR sun yi ƙaranci. Wannan ya sa irin su Canon 600D da Nikon D3200 suka yawaita a kasuwar hannu. Mai saye da ya san abin da yake yi yakan ɗauki hoton farin bango don gano ƙura da matattun fiksel, sannan ya duba adadin hotunan da kyamarar ta riga ta ɗauka kafin a shiga ciniki.