Hira Da Jariri: Yadda Masana Suka Gano Amfaninta

Sau da yawa idan muka ce wa uwa ta riƙa hira da jaririnta, sai ta yi dariya ta ce, "To me ya sani?" Mun sha jin haka a Wudil da ƙauyukan kewaye. Tambayar tana bisa hanya, saboda haka bari mu bayyana abin da masana girman yara suka gano, da hanyar da suka bi.

Girman yaro ba tsawo da nauyi ba ne kaɗai. Akwai buɗewar baki, da kaifin tunani, da koyon zama da mutane. Ƙwaƙwalwa ta fi saurin haɓaka tun daga shigar ciki har yaro ya cika shekara 2, wato kimanin kwana 1,000. Yaron da ya tsumbure a wannan lokaci saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, galibi yakan yi baya wajen koyo.

A shekarar 1986, wata likita mai suna Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka fara wani bincike a birnin Kingston na ƙasar Jamaika. Sun ɗauki yara 129 da suka tsumbure, 'yan wata 9 zuwa 24, suka kasa su gida huɗu. Kashi na farko aka riƙa ba su madara. Na biyu, ma'aikaciyar lafiya takan je gidansu mako-mako ta nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta. Na uku suka sami duka biyun. Na huɗu ba madara ba wasa, an ajiye su ne don kwatantawa.

Da ƙuri'a aka raba yaran, kuma a nan gizo ke saƙar. Manomin da ya zuba taki a fadamarsa ta bakin kogin Wudil, ya bar gonarsa ta tudu ba taki, ba zai iya cewa taki ne ya kawo yabanya ba, don wataƙila laima ce. Haka nan da iyaye ne suka zaɓi inda za su shiga, mai yiwuwa masu himma su taru wuri guda. Ƙuri'a ita ke sa kowane kashi ya tashi daidai da ɗan'uwansa.

Bayan shekara 2, madara ta yi amfani, wasa ma ya yi, amma waɗanda suka sami duka biyun sun fi kowa ci gaba. Aka ci gaba da bibiyarsu. Tasirin madarar ya dushe a hankali, na wasan kuwa ya zauna. Rahoton da ya fito a 2014 ya nuna cewa da suka kai shekara 22, kuɗin da 'yan kashin wasa ke samu ya ɗara na sauran da kashi 25 cikin 100.

Kada a ce mun ce abinci ba kome ba ne. Yaro mai yunwa ba ya wasa. Kuma yara 129 ba su da yawa, shi ya sa aka sake gwada tsarin a Bangaladash da Kolombiya, can ma aka ga amfani.

Kayan wasan na Kingston ba na kanti ba ne, da robobi da ƙyallaye aka haɗa su. Mu ma muna da ƙoƙo da ludayi da gwangwani. In kunyar ɗan fari ta hana uwa sakin jiki, ga kaka, ga goggo, ga 'yar goyo. A nuna wa yaro akuya a kira sunanta, in ya yi gwaranci a amsa masa, sa'an nan a saurara a ba shi dama ya sake cewa wani abu.