Matakai Uku na Haƙiƙa a Falsafar Adwaita

Adwaita Wedanta reshe ne na falsafar Hindu da ke cewa haƙiƙa ɗaya ce tak, wato Brahman, kuma ruhin ɗan Adam ba wani abu ba ne daban da ita. Babban malaminta shi ne Shankara, haifaffen Kerala a Indiya, wanda ya rayu wajajen ƙarni na 8.

To, ina matsayin duniyar da ido ke gani? Malaman mazhabar sun kasa lamarin gida uku. Matakin ƙasa, Pratibhasika, shi ne ganin kuskure, kamar mafarki ko igiyar da aka zata maciji ce da magariba. Na tsakiya, Wiyawaharika, duniyar mu'amala ce ta kasuwa, iyali da ibada, wadda kowa ke aiki da ita. Na ƙoli, Paramartika, Brahman ne kaɗai.

Ma'auninsu shi ne, duk abin da wani ilimi ya zo ya rushe, bai kai cikakkiyar haƙiƙa ba. Fitila na kawar da macijin, sanin Brahman kuma na kawar da ganin rabe-rabe. Sai dai Ramanuja, wanda ya zo bayan Shankara, ya ƙi wannan ra'ayi, ya ce duniya da rayuka tabbatattu ne.