Rabon aiki a shagon gyaran gashi

Rabon aiki a shagon gyaran gashi shi ne tsarin da mai shago yake bi wajen tantance ayyukan da zai riƙe da kansa da waɗanda zai damƙa wa ma'aikatansa. Ya shafi shagunan aski na maza da na kitso, lalle da gyaran jiki na mata, waɗanda ake kira salun. Yawancin masu irin waɗannan shaguna sun fara ne a matsayin gwanayen sana'ar, suka tara jari suka buɗe nasu. Da zarar kujeru sun ƙaru sai a ga cewa iya aski ko kitso daban, iya tafiyar da shago kuma daban.

Matsayin mai shago

Marubucin nan ɗan Amurka, Michael Gerber, a littafinsa The E-Myth na shekarar 1986, ya kasa mai ƙaramar sana'a gida uku: mai aikin hannu, mai gudanarwa, da mai hangen bunƙasa kasuwanci. Ya nuna cewa yawancin ƙananan sana'o'i gwanayen aikin hannu ne ke buɗe su, kuma sukan ci gaba da yin komai da kansu har nauyi ya fi ƙarfinsu. Wannan rabe-rabe ya dace da shagon gyaran gashi.

Akwai mai shagon da yake tsaye a bayan kujera daga safe har dare. Kuɗin hannunsa na shigowa kai tsaye, abokan ciniki kuma sun saba da shi. Matsalar ita ce shagon ya rataya ga lafiyarsa: ranar da ya kwanta ciwo, ko uwar ɗaki ta tafi wankan jego, ciniki ya faɗi, domin mutane hannunta suke nema. Ga shi mai kitso ba ta iya barin kai a rabi ta je duba lissafi ko sasanta rikicin ma'aikata.

Akwai kuma wanda ya rage aikin hannu zuwa wasu ranaku ko wasu tsofaffin abokan ciniki kaɗai, ya ba da sauran lokacinsa ga horar da yara, sayen kaya da lissafi. Na uku shi ne wanda ya zuba jari kawai ya naɗa manaja. Wannan ya fi yawa ga masu rassa ko masu wani aikin daban, kuma shi ne ya fi fuskantar haɗarin ɓatan kuɗi idan babu rubutaccen lissafi.

Abin da ake miƙawa

Ayyukan da aka fi saurin miƙawa su ne waɗanda ake maimaitawa kullum: shara, wankin tawul, wanke kai, tsefe tsohon kitso, karɓar baƙi da tsara layi, tayar da janareta. A al'adar koyon sana'a a ƙasar Hausa, da waɗannan yaron shago yake farawa kafin a ba shi injin aski ko tsinken kitso, kuma yakan fara gwada hannunsa ne a kan ƙananan yara. Haka wanzamai suka daɗe suna horar da 'ya'yansu, inda yaro yake bin mahaifinsa da zabira shekaru kafin a yarda ya ɗora aska a kan mutum.

Ayyukan da ke buƙatar ƙwarewa, kamar shafa man miƙar da gashi da rini, ba a miƙa su sai bayan an ga hannun ma'aikaci sau da yawa, domin sinadarin da ke cikin man yana ƙona fatar kai idan ya daɗe. Gyaran amarya ma, da ya haɗa da dilka, halawa da lalle, yawanci uwar ɗaki ce ke yi ko ta tsaya a kai, saboda kuskure a ranar biki ba ya gyaruwa kuma labarinsa yana yaɗuwa cikin dangi.

Abubuwan da masu shago suka fi riƙewa su ne sa farashi, ɗauka da sallamar ma'aikata, biyan haya da haraji, da duba kuɗin da ya shigo. A Najeriya rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC ma da sunan mai shago ake yin ta.

Tsabtar kayan aiki tana da matsayi na musamman. Reza da injin aski da suka taɓa jini na iya ɗaukar ƙwayoyin cutar hanta nau'in B da C daga wani zuwa wani. Ana iya ɗora wa yaro aikin tsabtace injin da canja reza bayan kowane mutum, amma idan aka yi sake, mai shago za a tuhuma. A fannin gudanarwa ana bayyana wannan da cewa ana miƙa aiki da iko, amma alhaki yana nan a wuyan wanda ya miƙa.

Iko da umarni

Henri Fayol, injiniya ɗan Faransa, ya wallafa ƙa'idojin gudanarwa guda 14 a shekarar 1916. Biyu daga ciki sun shafi wannan batu: iko ya tafi tare da nauyin da aka ɗora wa mutum, kuma kowane ma'aikaci ya karɓi umarni daga mutum ɗaya. A shago, idan aka ce wa manaja ya kula da kaya amma ba zai sayi ko kwalbar man wanke gashi ba sai ya buga waya, to ba a miƙa masa komai ba. Haka idan mai shago yana soke maganar manaja a gaban yara, ba da jimawa ba za su daina saurarensa. Wannan ya fi tsanani a shagunan da ma'aikata dangi ne, inda ƙanwar uwar ɗaki ba ta ganin manaja ya isa ya sa ta aiki.

Tsarin biya da tasirinsa

Yadda ake biyan ma'aikaci shi ke nuna irin aikin da za a iya ɗora masa. Mai albashi ana iya sa shi shara ko zaman karɓar kuɗi. Wanda ake biya kaso daga kowane kan da ya yi yakan ƙi duk aikin da ba ya kawo masa kuɗi, sai an sa shi cikin yarjejeniya tun farko. Akwai kuma hayar kujera, wadda ta yaɗu a Amurka da Birtaniya: mai aski yana biyan haya, yana riƙe cinikinsa, kuma a doka ba ma'aikacin shagon ba ne, don haka mai shago ba shi da ikon tsara masa lokaci ko farashi.

A lokutan cunkoso, kamar jajiberin sallah, shaguna da yawa sukan ware mutum ɗaya da ba ya taɓa kai, aikinsa rubuta layi da karɓar kuɗi, ko tsaba ko ta POS.

Misali daga tarihi

Martha Matilda Harper, haifaffiyar Kanada wadda ta yi shekaru tana aikatau, ta buɗe shagonta a birnin Rochester na jihar New York a 1888. Daga 1891 ta fara ba wasu mata, da yawansu tsofaffin 'yan aikatau, damar buɗe rassa da sunanta. Kowace mace ita ce mai reshenta, amma sai ta sami horo kan hanyar aikin Harper kuma ta yi amfani da kayanta. Harper ta riƙe horarwa, haɗa kayan gyaran gashi da duba ingancin aiki, ta bar wa masu rassa cinikin yau da kullum. Rassan sun kai kimanin 500 a lokacin da kasuwancin ya fi bunƙasa.