Kaurin bango bai isa tare tururin sama ba

Duk ɗan Tibiri ko Dogondutsi da ya taɓa aiki a mahaƙar uraniyom ta Arlit ya san 'yar na'urar nan da ake maƙala wa ma'aikaci, mai ƙirga tururin da jikinsa ya sha. Ƙa'idar duniya ta yanke masa milisibat 20 a shekara. Wanda ke zaune gida kuwa, abin da yake samu daga ƙasa da iska da abinci kusan 2.4 ne.

A watan Nuwamba na 2011 hukumar NASA ta Amurka ta harba motar bincike Curiosity zuwa duniyar Mars, ɗauke da ma'auni mai suna RAD. Kwana 253 ana tafe, ma'aunin na lulluɓe cikin kumbo, ta bayan bango, kamar yadda fasinja zai zauna. Ya riƙa nuna milisibat 1.8 kowace rana. Cikin kwana 12 ke nan rabon ma'aikacin Arlit na shekara ya ƙare.

Mai karatu zai ce a ƙara wa bangon kauri mana. Nan gizo ke saƙar. Tururin da rana ke fesowa idan ta yi bori, bango na iya rage shi sosai. Amma wanda ke zuwa daga can wajen taurari ƙwayoyin zarra ne masu gudu kusa da saurin haske, har da na ƙarfe. In suka daki alminiyom sai su tarwatse, su kuma tarwatsa nasa ƙwayoyin, kamar an jefi tulu da dutse: ɓaraguzan ne ke samun na ciki. Shi ya sa ruwa da roba, masu yawan haidurojin, suka fi ƙarfe amfani a nan, abin da injiniya ba ya son ji.

Saboda haka masana ke lissafa abin da zai ratsa bango da manhajar kwamfuta irin su HZETRN ta NASA da Geant4 ta cibiyar bincike ta CERN, sannan su gwada lissafin da awo na zahiri. A 2022 kumbon Orion ya kewayo wata da mutum-mutumi biyu, Helga da Zohar, jikinsu cike da dubban ma'aunai. An sa wa Zohar rigar kariya, aka bar Helga haka nan don a kwatanta.

NASA ta kayyade wa ɗan sama jannati milisibat 600 a duk rayuwar aikinsa. Awon RAD ya nuna zuwa Mars da dawowa kaɗai, ko da ta hanya mafi sauri ce, zai ci wajen 660, ba a ma sa zaman can a lissafi ba.