Fuskar da ke cikin inuwa: yadda ake zaɓen sikanar fim

A gidaje da yawa a Barkiya, Kurfi da Dutsin-Ma akwai ambulan mai ɗauke da wata leda mai ruwan ƙasa da mai hoto ya haɗo da katin hoto. Ita ce negatif. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, duk hoton biki, suna ko hawan sallah a kan irin wannan fim aka ɗauke shi. Katin yana koɗewa, gara ta ci, amma sau da yawa negatif yana riƙe da abin da katin bai taɓa nunawa ba. Na'urar da ke kwafe shi zuwa kwamfuta ita ce sikanar fim.

Matsalar hotunanmu ta rana ce. Dattijo ya sa farar babbar riga, rawani ya yi wa fuskarsa inuwa, an ɗauke shi da tsakar rana. Riga tana walƙiya, fuska kuwa duhu. Jikokinsa fuskar suke nema, ba rigar ba.

A jikin kwalin sikana akan rubuta wata lamba mai suna Dmax, wadda ke nuna iyakar duhun fim ɗin da na'urar ke iya gani ta cikinsa. Idan duhun ya kai 3, kashi 1 cikin 1,000 na haske ne ke ratsawa. Idan ya kai 4, kashi 1 cikin 10,000 ne. Kamfanin Epson ya rubuta 3.4 a kan Perfection V600, mai gilashi irin na fotokofi, Plustek kuma ya rubuta 3.6 a kan OpticFilm 8200i, wadda fim ɗin milimita 35 kaɗai take karɓa. Sai dai kafin a ruɗu da lamba, a duba wane irin fim ke hannu. A silaid, wanda ake haskawa a bango, inuwa ita ce wuri mafi duhu, don haka Dmax babba yana da amfani sosai. A negatif kuwa komai a juye yake: farar rigar ce ta yi baƙi ƙirin, fuskar da ke inuwa ta zama kusan garau. Galibin abin da ke akwatunanmu negatif ne.

To ina ciniki yake? Wurin da inuwa ta faɗa bayani kaɗan ne ya shiga fim. In aka ƙara masa haske a kwamfuta don fuska ta fito, ba ita kaɗai ke fitowa ba. Ƙwayoyin fim suna bayyana kamar an watsa yashi, ɗige-ɗigen kore da ja na na'urar su biyo baya, wani lokaci har da layuka. Sikanar da ta fi kaifi ita ta fi tona asirin karce da ƙura, musamman mai haske a miƙe. Mai haske a baje tana ɓoye su, amma hoton ya ɗan yi laushi. Ga shi mu ƙurar hunturu ba ta neman izini.

Wasu na'urori suna da maganin wannan. Sukan sake bin fim ɗin da hasken infirared, wanda ido ba ya gani. Yana ratsa rinin fim mai kala, amma ƙura tana tare shi, sai manhaja ta gane inda lahani yake ta cike gurbin. Epson na kiran wannan Digital ICE. Amma ba ya aiki a tsohon fim baƙi da fari, domin hotonsa da azurfa aka gina shi, azurfa kuma tana tare hasken kamar ƙura. Sai manhajar ta ɗauki hoton kansa a matsayin datti.

A ra'ayinmu, gara hoto mai yashi-yashi da ake gane mutum da hoto sumul wanda aka goge wa zanen fuska da aikin hula. Karce ana iya gyara shi gobe. Tsagar da manhaja ta share daga kwafin ba ta dawowa sai an sake bi ta kan fim.

Batun ɗigo ba ya buƙatar dogon bayani. Hoto ɗaya a fim ɗin milimita 35 faɗinsa milimita 24 ne, tsawonsa 36. A ɗigo 2,400 kowane inci ana samun kusan ɗigo miliyan 8, abin da ya isa a buga hoto kusan girman takardar A4. Lambobi irin su 6,400 da ke jikin kwali sun zarce abin da madubin sikanar gilashi ke iya bambancewa.

Ga makaranta irin tamu, mai gilashin ta fi dacewa, tunda tana ɗaukar kati, takardu da negatif. A ajiye kwafin farko a TIFF mai bit 16, wanda ke da matakin haske 65,536 maimakon 256, ba tare da gyara ba. Gyara a yi shi a kwafi na biyu. A riƙe fim ta gefe, a kore ƙura da roba mai hura iska, kada a goge da bakin riga. Negatif ɗin da ya fara warin tsami ya fara lalacewa ke nan: a ware shi daga sauran, kuma shi za a fara sawa a na'ura.