Karatun Sanin Laifi da Hukunci: Shin Akwai Gurbin Mace a Ciki?

 Yau za mu tattauna a kan wani fannin ilimi da ba a cika jin sunansa a tsakar gida ba, wato ilimin nazarin aikata laifuka da yadda ake hukunta su. Za mu duba shi ne a matakin gaba da digirin farko. Wata za ta ce, ni da ko ƙofar gida ban cika leƙawa ba, ina ruwana da wannan? To 'yar uwa, idan aka kama yaro, uwa ce ke kwana ba barci. Idan aka tsare maigida, ke ce ake bari da yara da tukunya. Ashe kuwa da ruwanki.

Da farko, wannan karatu daban yake da na lauya, kuma daban da horon ɗan sanda. Lauya yana tambaya, me doka ta ce? Shi kuwa mai wannan ilimi tambayarsa ita ce, me ya sa mutum ya aikata laifin tun farko, kuma me zai hana a sake? Daga nan sai ya bi sawun wanda aka kama, tun daga caji ofis, zuwa kotu, zuwa gidan yari, don ya ga ko ana yin adalci, ko kuma hukuncin yana gyara mutum.

Ga kaɗan daga abin da ake koya wa ɗalibai. A shekarar 1876, wani likita ɗan ƙasar Italiya mai suna Cesare Lombroso ya ce ana haifar mutum da halin laifi, har ana iya gane shi ta siffar kai da muƙamuƙi. A 1913 wani likitan gidan yari a Ingila, Charles Goring, ya fitar da bincikensa a kan fursunoni kimanin 3,000, ya kwatanta su da mutanen gari, bai sami wata siffa ta masu laifi ba. Daga baya Edwin Sutherland na Amurka ya nuna cewa laifi koyonsa ake yi, kuma a wurin na kusa ake koyo, wato abokai da waɗanda ake zama da su kullum. Kin ga abin da iyayenmu ke faɗa ke nan, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Saboda haka a daina ce wa yaro ɓarawo ne tun a ciki. A duba da wa yake yawo.

A 1979 wasu masana biyu, Cohen da Felson, suka ce laifi yakan faru ne idan abu uku sun haɗu: mai niyya, abin da zai ɗauka, da rashin mai sa ido. Cire ɗaya, laifin ya yi wuya. Ke da kike gida kina lura da wanda ya shigo zaure da lokacin da yaro ya dawo daga talla ko makaranta, ke ce mai sa idon da suke nufi.

To yaya tsarin karatun yake? Hawa uku ne. Akwai difloma ta bayan digiri, wadda yawanci shekara ɗaya ce, ga wadda ta karanci wani fanni daban ko take da babbar difloma. Sai digiri na biyu, shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Sai digirin digirgir, wanda ba ya gaza shekara uku. Akan nemi takardar digirin farko da ta bautar ƙasa. A digiri na biyu ana yin darussa a kan dalilan aikata laifi, laifukan yara, halin da wanda aka zalunta ke shiga, aikin 'yan sanda, gyaran halin fursuna, da dabarun bincike. A ƙarshe ɗaliba za ta zaɓi matsala guda ta bincika, ta rubuta kundi, ta kare shi a gaban malamai.

A Jami'ar Bayero ta Kano, sashen nazarin zamantakewa yana ba da digiri na biyu a kan hana aikata laifuka da shawo kansu. Akwai kuma jami'ar karatu daga gida, wato NOUN, wadda ke koyar da nazarin laifuka da tsaro. A can littattafanki kike karantawa a ɗakinki, ki yi aikin gida ta waya ko kwamfuta, ki je cibiyarsu ta jiharku lokacin jarrabawa. Ga matar aure mai goyo, wannan sauƙi ne babba.

Yanzu bari ki ji irin abin da mai wannan ilimi ta sani, wanda rashin saninsa ke sa a cuci mata. A 2015 Nijeriya ta kafa dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya, jihohi kuma suka yi nasu, Kano ta yi tata a 2019. Dokar tarayyar ta hana kama wani a madadin wani. Ba a kama uwa don ɗanta ya gudu, ba a kama mata don ba a ga mijinta ba, kuma dokar 'yan sanda ta 2020 ta sake jaddada haka. Ta ce ba za a hana mace tsaya wa mutum beli don kawai ita mace ce ba. Har ma ta ambaci mace mai kulle: idan wanda ake nema ya shige gidan da take, sai an sanar da ita, an ba ta damar kaucewa, kafin a shiga. Tsarin mulki na 1999 kuma ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a kusa, ko kwana biyu idan da nisa. Duk da haka, alƙaluman hukumar gidajen gyaran hali sun daɗe suna nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare jiran shari'a suke yi. Gano inda ake samun wannan cikas aikin masu wannan karatu ne.

Ga dalilin da ya sa ake buƙatar mata. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Nijeriya, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Wa zai shiga cikin gida ya zauna da yarinyar da ta faɗa shan maganin tari, ta buɗe masa cikinta? Namiji iyakarsa zaure. Yarinyar da aka yi wa fyaɗe, da matar da ke tsare da jariri a hannu, mace 'yar uwarsu suka fi sakewa da ita. Idan ba a ji daga bakinsu ba, za a yi ta tsara magani ba tare da an san ciwon ba.

Wadda ta gama tana iya koyarwa a jami'a, ko aiki a ma'aikatar mata, hukumar NDLEA, gidan gyaran hali ɓangaren mata, gidan horon yara, ko ƙungiyoyin da ke taimakon marasa galihu.

Saboda haka uwargida, idan kina da digiri a ajiye cikin akwati, ko 'yarki ta gama bautar ƙasa tana tunanin abin da za ta ƙara, ku zauna da maigida cikin natsuwa ku duba wannan fanni. Ku tambayi kuɗin makaranta da lokacin sayar da fom tun da wuri. Wadda kuma ba ta yi nisa a boko ba, ta riƙe abin da ta ji yau game da kamu da beli, ta faɗa wa maƙwabciyarta.

A nan za mu dakata.