Inuwar Garwa: Wace Bishiya Za Ta Jure Zafin Gobe?

Yau shirinmu ya yada zango a Garwa, babban birnin yankin Arewa a ƙasar Kamaru, a gaɓar kogin Binuwai.

Duk wanda ya san Garwa a watan Maris da Afrilu ya san zafi yakan haura digiri 40. A irin wannan lokaci mai shayi da ɗan acaɓa da mai gyaran takalmi duk wuri guda suke nema, wato gindin darbejiya, wadda wasunku ke kira dogon yaro ko maina. Ita ta rufe titunan Garwa da Marwa, alhali kuwa baƙuwa ce, daga yankin Indiya aka kawo ta Afirka ta Yamma a farkon ƙarni na 20. Shirin Sahel Vert, wanda aka ƙaddamar zamanin Shugaba Ahmadu Ahijo bayan farin shekarun 1970 kuma aka farfaɗo da shi a 2008, ya ƙara baza ta.

Darbejiya ta yi mana rana, babu musu. Amma gari ya jingina inuwarsa kacokan a kan bishiya iri ɗaya, ai ganganci ne. A shekarun 1980 wani ɗan ƙwaro mai tsotse ruwan ganye ya afka wa darbejiya a kewayen tafkin Chadi. Da shigowar shekarun 1990 kuma aka ga tana zubar da ganye tana bushewa a Nijar. Masana suka yi zargin cewa yawancin darbejiyar Afirka daga tsatso kaɗan ta fito, shi ya sa abin da ya kama ɗaya sai ya bi saura. Wannan na cikin abin da ya sa hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta jagoranci haɗa masu bincike na Asiya da Afirka, suka yi musayar iri, suna gwada shi a ƙasashe daban-daban.

Arewacin Kamaru ma ba baƙon irin wannan haɗin gwiwa ba ne. Cibiyar binciken noma ta ƙasa, IRAD, ta daɗe tana aiki da takwararta ta Faransa, CIRAD. A Ngong, kudu da Garwa, sun gwada daƙwara, bishiyar ƙaro, don farfaɗo da gonakin da suka gaji. Amma aikin da ya fi burge ni shi ne na gawo. A tsakiyar shekarun 1990, tare da kamfanin auduga na Sodecoton, aka riƙa ba manoma ɗan tukuici a kan kowane ƙaramin gawo da ya tsiro da kansa a gona suka bar shi, suka yi masa sassabe, suka kare shi daga dabbobi. Ta haka aka raya fiye da miliyan ɗaya. Ku lura fa, jama'a, ba dashe aka yi ba, reno aka yi. Kuma manomi shi ke zaɓen wanda zai bari, mai bincike yana biye yana aunawa.

Sai dai duk wannan a gona ne. Cikin gari lissafin daban ne: ƙasa ta dandaƙe, kwalta na mayar da zafi, ga wayoyin lantarki a sama, ga awaki a ƙasa. Maɗaci na da inuwa mai faɗi, amma masu neman magani sukan sassaƙe ɓawonsa har ya mutu a tsaye. Itacen turare na saurin girma, amma akwai shi da shan ruwa. Tsamiya da aduwa da kanya sun san fari tun kaka da kakanni, laifinsu kawai jinkirin girma. Gawo kuwa da rani yake fitar da ganye, daidai lokacin da ake neman inuwa, sai dai ƙaya da faɗin rassa kan hana shi shiga lungu.

Ga kuma batun lokaci. Bishiyar da aka dasa bana, jikokinmu za su sha inuwarta, a cikin zafin da ya fi na yau. Don haka mai zaɓa wa Garwa bishiya ya kamata ya leƙa arewa, ya ga abin da ke tsaye a Marwa da Kuseri, inda ruwan sama bai kai na Garwa ba.

Masu yin aikin suna nan. Makarantar Kula da Namun Daji ta Garwa, wadda aka buɗe a 1970, tana da ma'ajiyar samfurin tsirrai. Ga IRAD, ga Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022. Kiranmu ga hukumar birni shi ne ta zaunar da su tare da masu renon dashe da masu unguwanni, a ƙidaya bishiyoyin kowace unguwa, a gwada iri daban-daban, a kuma riƙa bayyana nawa suka tsira bayan bazara uku.

Ku kuma masu sauraro, wanda ya dasa bishiya a ƙofar gida ya yi mata shinge, ya shayar da ita har damina ta kankama. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.